Baba da Kwamfutar Hedimasta

Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma. Surukina, mahaifin maigidana, wanda duk gidan muke kira Baba, ya rasu da hantsi a tsakiyar daminar nan, a ɗakinsa da ke unguwar Mabera. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa.

Inna, matarsa, ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Ta zauna a kan tabarma da carbi a hannu, duk wadda ta shigo ta ce mata ya haƙuri, sai ta ce da godiya, ta mayar da idonta ƙasa. Gwaggo, ƙanwar Baba, ita ta yi kukan da ya ishi gidan baki ɗaya, har sai da aka kama ta aka kai ta ɗaki. A waje kuwa rumfar da aka kafa ta yi kaɗan. Tsofaffin ɗalibansa sun zo, wasu a manyan motoci, wasu a bayan baburan kabu-kabu, kowa da labarin jan biron Baba a littafinsa na lissafi. Malaman ƙananan makarantu sun zo a ƙungiya, wasu tun daga bayan gari. Hedimasta, aminin Baba tun suna samari, ya ƙi hawa darduma. Ya jingina da bangon zaure, aka miƙa masa fura ya karɓa, ya riƙe kofin har aka zo aka karɓe shi bai kai baki ba.

Ina ɗauke da tiren ruwa zan wuce ta gaban wasu baƙin mata, sai na ji ɗaya ta rage murya.

"Ita ta? Wadda taƙ ƙwace mai kwamfuta gaban mutane?"

"Ita ta. Matar babban ɗanai."

Na ajiye tiren a gabansu, na ce su sha ruwa, na shige kicin. Na daɗe a tsaye ina kallon tukunyar da ba ni na ɗora ba. Shekaru sun wuce, amma ashe abin bai tsufa a bakin mutane ba, kuma rabinsa kawai suka riƙe. Shi ya sa na zauna rubuta wannan. Jikokinsa za su girma su ji labarin a waje, ana ba da shi ana dariya. Gara su same shi a gida, yadda ya faru, tare da mutumin da ya faru da shi.

Baba malamin lissafi ne a sakandare har ya yi ritaya. Dogo ne siriri, ba ya sauri a tafiya, ba ya sauri a magana. In yaro ya kawo masa amsa, ko daidai ce, sai ya ce, "Ban tambaye ka amsa ba. Gwada min hanyar da kab bi." Mutum ne mai tsabtar da har takan gajiyar da mutane. Da kansa yake share zaurensa bayan asuba, kuma in jika ya ci gyaɗa ya zubar da ɓawo, ba zai yi faɗa ba, zai miƙa masa tsintsiya ne kawai ya tsaya yana jira.

Bayan ritaya ne ya koyi kwamfuta. Wani tsohon ɗalibinsa ya ba shi laftof da ta ga jiya, shi kuwa ya zauna da ita kamar yadda yake zama da sabon darasi. Da yatsa biyu yake bugawa, gilashinsa a kan karan hanci, in ya gama ya rufe ta da wani tsohon rawani saboda ƙura. Bai tsaya a buga wasiƙa ba. Ya koyi baƙin allon nan da ake rubuta wa kwamfuta umarni kai tsaye, ya ce shi ya fi masa, don a nan ne yake ganin hanyar da ta bi.

Ni kuma aikina ke nan. Abin da na karanta ke nan a jami'a, kuma ina rubuta manhajoji a wani ɗan kamfani da ke wajen unguwar Gidan Igwai. Baba ya san haka sarai. Amma tsakanin suruki da matar ɗansa akwai abin da duk wanda ya tashi a garin nan ya sani. Ban taɓa kiran sunansa ba, har yau ma ba zan rubuta shi ba. In zan gaishe shi daga bakin ƙofa nake durƙusawa, in ce Baba ina kwana, ya ce, "Lahiya lau, ɗiyata," shi ke nan. Maigidana kuma ɗan fari ne, don haka shi ma Baba ba ya kama sunansa. In yana nemansa sai ya ce a kira masa wancan. Mu uku muna gida ɗaya, biyu daga cikinmu suna yini a gaban baƙin allo iri ɗaya, amma ba mu taɓa yin magana a kai ba.

Ba wai bai damu da ni ba ne. Lokacin da na haifi 'yata ta fari, da hutun haihuwa ya ƙare, Gwaggo ta kafe cewa aikin ya isa haka, jinjira ta fi ofis. Har maigidana ya fara lanƙwasa. Wata safiya na fito da shirin tafiya, ban san ko za a bar ni ba, sai na tarar Baba ya shimfiɗa bargo a zaure kusa da teburinsa. Bai dube ni ba. Ya ce wa Inna, "A kawo min yarinyar nan. In ta ji yunwa sai a aika. Uwatta na da wurin zuwa." Haka 'yata ta koyi rarrafe a ƙarƙashin teburin kakanta. Ban taɓa iya yi masa godiya da bakina ba. Tuwon shinkafa da miyar da ya fi so na yi a ranar, na ba Inna ta kai masa.

Abin da ya cika masa rai a shekarun nan shi ne ƙananan makarantun unguwa. Da yawansu an ba su tsofaffin kwamfutoci, amma ba intanet, ba kuma abin da yara za su yi da su. Baba ya tattara manhajojin koyon karatu da lissafi a filashi, yana bi makaranta makaranta yana saka musu. Da ya ga aikin yana cin lokaci, sai ya rubuta jerin umarni a fayil guda, wanda in an kunna shi zai yi komai da kansa. Ya yi alfahari da shi ƙwarai. Har Inna, da ba ruwanta da kwamfuta, sai da ya zaunar da ita ta kalla.

Ga yadda abin yake, don wanda bai sani ba. Duk lokacin da ka buɗe baƙin allon, a cikin wata folda kake, ko ka lura ko ba ka lura ba. In ka ce wa kwamfuta ta shiga folda kaza, ba ka ba ta cikakken adireshi ba, daga inda kake za ta nema. Fayil ɗin Baba yana cewa ne: shiga foldar wucin gadi, kwance manhajojin a ciki, saka su, sannan ka share duk abin da ke wurin. Wannan sharar ta ƙarshe halinsa ne, ba ya son barin tarkace a kwamfutar mutane. Kuma bai taɓa samun matsala ba, domin kullum sai ya kwafe foldar aikin daga filashi, ya shiga cikinta, sannan ya kunna fayil ɗin. Foldar wucin gadin tana nan a gefe, ana shiga, ana sharewa, lafiya lau.

Wata rana ya ba maigidana filashin ya ce a kawo min in kwafa masa a wasu, don ya raba wa malamai. Da na buɗe, sai na karanta abin da ya rubuta. Na ji daɗin tsarinsa, kowane layi da bayaninsa da Hausa a sama. Amma da na kai ƙasa sai na ga haɗari. In wani ya kunna fayil ɗin daga wata folda daban, ba za a sami foldar wucin gadin ba. Kwamfutar za ta ce babu, amma ba za ta tsaya ba, don ba a ce ta tsaya ba. Za ta ci gaba har ta kai layin shara, ta share duk abin da ke inda mutum yake.

Na yi wa maigidana bayani dalla-dalla. Shi ma'aikacin asibiti ne, ba fanninsa ba ne, amma ya gane. Na ce ya gaya wa Baba akwai haɗari, layi biyu kawai za a ƙara. Ya ce to.

Tagar ɗakinmu tana kallon zaure, don haka na ji lokacin da ya isar da saƙon. Ya gaishe shi, ya miƙa filasan. Baba ya ce, "Ta duba?"

"Ta duba, Baba."

"Mi tac ce?"

Na ji maigidana yana gyara zama. "Ta ce aikin ya yi kyau ƙwarai. Ta ce dai a riƙa kula wurin kunnawa."

"Ai kullum ina kula," in ji Baba, kuma a muryarsa na ji ya ji daɗi.

Ina tsaye a bakin taga, hannuna a kan labule. Taku kaɗan ne tsakanina da zauren. Na ce a raina zan sake tura shi gobe. Da gobe ta yi na ce ai Baba ba ya canza yadda yake aiki, malaman kuma shi zai koya musu. Zancen ya kwanta a haka.

Hedimasta yana da makaranta tasa a Unguwar Rogo, wadda ya buɗe bayan ya bar aikin gwamnati. Shi ya shirya taron iyaye da malaman makarantun da ke kusa, don Baba ya nuna musu aikin. Bazara ce, ana zafin da ko inuwa ba ta da daɗi. Aka cika babban ajin, maza a gaba, mu mata a baya wajen tagogi. An aro majigi an haska bango, janareto yana ta ƙara a waje. Baba ya sa farar rigarsa ta Juma'a.

Sai laftof ɗinsa ta ƙi haɗuwa da majigin. Aka cire waya aka mayar, aka hura, aka sake gwadawa. Mutane suka fara fifita da takardu suna 'yan maganganu. Hedimasta ya ce, "Malam, ɗauki tawa. Ai kai kas shirya min ita, duk ɗaya ta." Ya aika aka ɗauko ta daga ofis, aka haɗa, bango ya haska.

Na ga zufa a wuyan Baba tun daga inda nake. Ya makara, kuma bai saba a jira shi ba. Ya soka filashi, ya buɗe baƙin allon. A jikin bango na karanta inda allon ya buɗe: babbar foldar Hedimasta, inda duk takardunsa suke. Na jira Baba ya kwafe foldar aikin ya shiga, kamar kullum. Bai yi ba. Don ya rage lokaci, sai ya fara buga adireshin fayil ɗin da ke kan filashi kai tsaye, harafi bayan harafi, da yatsunsa biyu.

Na san abin da zai faru tun bai kai rabin layin ba. Na yi niyyar tsayar da shi, na fasa. Ga limamin unguwa a gaba, ga iyayen yara, ga surukina a tsaye yana koyarwa. Na nemi idon maigidana, yana can gefe yana riƙe da wayar majigi, bai juyo ba. Baba ya danna.

Layin farko ya fito a bango, kwamfutar ta ce ba ta ga foldar ba. Wasu layukan suka biyo a guje, duk na kuskure. Sannan allon ya yi shiru, ƙaramar fitilar laftof ɗin tana ta ƙyaftawa.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ji muryata a ajin tana cewa, "Baba, tsai da shi! Ba ka shiga foldar ba!" Na ratsa ta tsakiyar maza, na taka tabarmar wani, mayafina ya zame ya sauka a kafaɗa. Baba yana riƙe da gefen laftof ɗin yana duban allon. Na fizge ta daga hannunsa, na danne maɓallin kashewa har ta mutu. Bango ya koma fari.

Janareto kawai ake ji. Baba yana tsaye, hannayensa a buɗe yadda na bar su. Sai a lokacin na ga kaina: mace, kai a buɗe rabi, a gaban aji, da kayan da ta ƙwace daga hannun uban mijinta. Na ja mayafina, na durƙusa a wurin, don ban san abin da zan yi da tsayuwata ba.

Hedimasta ne ya fara magana. "Mi af faru? Malam, mi tat taɓa?"

Baba ya gyara gilashinsa, ya dubi farin bangon. Malamin lissafi ne, layin farkon nan ya ishe shi. A hankali ya ce, "Ba ita ta ba. Ni na. Na share maka kaya."

A cikin foldar nan akwai littafin da Hedimasta yake rubutawa tun da ya yi ritaya, littafin koyon karatun Hausa na yara, da labarai da waƙoƙin wasa da ya tattaro daga bakin tsofaffi, wasunsu sun riga sun rasu. Bai ajiye kwafi a ko'ina ba. Da ya fahimta, sai ya zauna a kan bencin yara. Ya dubi Baba a gaban jama'a ya ce, "Lissahi ka iya. Da ka tsaya ga lissahi."

Na tafi da laftof ɗin gida, ban bari an sake kunna ta ba. Na ciro faifan ajiyarta na kai ofis, ni da wani abokin aikina muka yi ta tono. Kashewar da na yi ta tsirar da wasu foldoji. Wasu fayilolin sun dawo ba suna, sai an buɗe ɗaya bayan ɗaya. Wasu sun dawo a farfashe. Babukan ƙarshe na littafin, waɗanda ya fi wahala a kansu, ba su dawo ba.

Gida ya yi nauyi. Gwaggo ta zo takanas ta same ni a tsakar gida. "Ke, ko gobara ta, akwai yadda aka kashe ta. Ki tsallake maza, ki ɗaga mai murya, ki hizge abu hannunai? Wa yar rene ki?" Ni ma tambayar da nake yi wa kaina ke nan. Inna ba ta goyi bayan kowa ba, ta dai ce Gwaggo ta rage murya yara na ji.

Baba kuwa ya rufe laftof ɗinsa da rawanin, bai sake buɗewa ba. Ya daina zuwa masallacin Juma'ar da suke haɗuwa da Hedimasta. Abincinsa yana dawowa kusan yadda aka kai. In na durƙusa gaishe shi, yana amsawa, amma ni ba na iya jiran ƙarshen amsar. Na koma fita ta ƙofar baya.

Maigidana ne ya kasa jurewa. Ya je ya gaya wa mahaifinsa ainihin saƙon da na ba shi tun farko, da yadda ya rage shi a hanya. Wannan karon ban tsaya a taga ba, amma duk gidan an ji. Ban taɓa jin Baba ya ɗaga murya ba sai ranar.

"An aiko ka da gargaɗi, kai ko ka kawo min yabo! In likita ya ba ka saƙo ga majinyaci, haka kaka yi?"

Bayan la'asar ya fito tsakar gida da kujerarsa, abin da ba ya yi, ya ce wa Inna a kira masa ni. Na tsaya a bayan labulen ɗakinta na gaishe shi.

"Hito, ɗiyata."

Na fito na durƙusa nesa.

"Ba don abin da kinka yi a makaranta nik kira ki ba. Wancan daidai na. Da ba ki tashi ba, da ko shahi guda na littahin ba a samu ba." Sannan ya ce, "Ranar da wancan yak kawo min saƙo, kina jinai?"

Da ƙyar na ce, "Ina ji, Baba."

"Kin ji ya rage?"

"Na ji."

Ya gyaɗa kai. Na so ya yi min faɗa irin wanda ya yi wa ɗansa, da ya fi min sauƙi. Sai ya ce, "Na yi shekaru ina jan layi a littahin ɗiyan mutane. Ban taɓa jin nauyin ce ma yaro ya yi kure ba. Ashe a gidana na zama wanda ba a iya hwaɗa ma. Wanga laihina na, ba naku kaɗai ba." Ya juya ya ce wa Inna ta ɗauko masa kwamfutar. Ya yaye rawanin, ya ajiye ta a kan tabarma tsakaninmu, ya juyo min da allon. "Gwada min."

Muka gyara shi a wurin, Inna tana tsince shinkafa a gefe don kada a ce mu kaɗai ne. Ni nake faɗa, idona a kan tabarma, shi yake bugawa. Muka sa layi a farko da zai mayar da fayil ɗin cikin foldarsa ko daga ina aka kunna shi. Muka sa in shiga folda ya gagara, komai ya tsaya nan take. Layin shara kuma muka sa ya ambaci foldar wucin gadin da cikakken adireshinta, ba wai duk abin da ke wurin ba. Bai yarda da bakina kawai ba. Ya ƙirƙiri folda ya zuba mata fayilolin banza, ya kunna daga can, ya ga ba abin da ya taɓu, ya sake daga wani wurin, ya sake. Har aka kira magariba yana gwadawa.

Washegari ya hau kabu-kabu a cikin zafin nan, ya fara bin malaman da ya raba wa tsohon filashi. Ba wanda ya aika. Kowace makaranta da kansa ya je, ya karɓi tsohon ya ba da sabon, kuma a kowacce sai ya ba da labarin abin da ya yi, daga farko har ƙarshe, bai rage komai ba sai sunana. Wani malami ya gaya min a zaman makoki cewa sun yi ta ce masa ya isa, sun riga sun ji. Baba ya ce ba daga bakinsa suka ji ba.

Da ya gama da makarantu, sai ya nufi gidan Hedimasta. Ranar farko aka ce ba ya nan, alhali takalminsa na bakin ƙofa. Baba ya zauna a dakali har azahar ya dawo. Ya koma washegari, ya sake komawa. Ban san ranar da aka buɗe masa ba, ya dai dawo wata rana ya ci abincinsa duka. Daga nan kullum da safe sai ya ɗauki laftof ya tafi. Hedimasta yana tuno babukan da suka ɓata, yana binciko tsofaffin takardu, Baba yana bugawa da yatsa biyu. Maƙwabta sun ce daga waje ana jiyo su suna musu a kan inda ƙugiya take a harafi. Sun je ƙauyuka tare neman tsofaffin da suka rage. Wasu waƙoƙin an same su a bakin jikoki. Wasu sun tafi tare da masu su, kuma Baba bai taɓa yarda a ce masa ai an mayar da komai ba. Bai kuma sake tsayawa a gaban taro da majigi ba. In an gayyace shi sai ya tura ɗaya daga cikin malaman da ya koyar.

Tsakanina da shi ba wai kunya ta ƙare ba. Ban fara zama a zaurensa muna hira ba. Sai dai in ya yi sabon rubutu, ba ya ba wa kowa ya kawo min. Yakan tsaya a bakin tsakar gida ya ce, "Ɗiyata, in kin samu sarari, zaka ki duba min." Ni kuma in na ga kuskure ina faɗa.

Ciwon da ya zama ajalinsa ya fara masa ne a ƙarshen bazarar bana. Aka yi ta gwaje-gwaje, aka kwantar da shi, aka sallamo shi. Likitan ya yi wa 'ya'yansa bayani a waje, maigidana kuma ya gaya min a ɗaki yana hawaye: abin ya riga ya bazu, sai dai a rage masa zafi. Suka haɗu suka yanke shawarar kada a gaya masa, kada a gaya wa Inna. In ya tambaya sai a ce sauƙi na samuwa.

Wata safiya na kai masa kunu. Inna ta fita wanka, ba kowa a ɗakin. Na ajiye a bakin gado zan juya, sai ya ce, "Zamna."

Na zauna a ƙasa kusa da ƙofa. Ya rame sosai, amma idonsa yana nan yadda na san shi.

"Waɗanga yaran sun ce sauƙi na samuwa. Ni ko jikina ba haka yac ce min ba." Ya numfasa. "Ke za ni tambaya. Mi likita yac ce?"

Na dubi ƙofa. Na ji motsin maigidana a tsakar gida, yana alwala ko wanke hannu, ban sani ba. Na yi masa alkawarin ba zan faɗa ba. Na dubi ledar ɗakin har zanenta ya fara rawa a idona. Baba bai matsa min ba, jira kawai ya yi, irin jiran da yake yi wa ɗalibi.

Na gaya masa. Ban ƙara ba, ban rage ba. Da na gama na kasa ɗaga kai, hawaye suna sauka a kan zanena.

Sannan na ji yana hamdala a hankali, ya maimaita.

"Allah shi yi miki albarka, ɗiyata. Kak ki ji tsoron mijinki, ni za ni yi mai magana." Ya yi ƙoƙarin tashi zaune, na matsa na gyara masa matashi. "Share idonki. In Innarku ta hito, ki ce mata ta zaka. Ita, ni za ni hwaɗa mata da bakina."

Ya Allah, ga bawanKa ya iso gare Ka. Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka saka masa da Aljanna. Mu da ya bari, Ka ba mu haƙurin rashinsa, Ka sa mu cika da imani.